Gidan Alhaji Tanko Ya Juya Baya

Duk wanda ya san Magariya ya san zauren Alhaji Tanko, ko da bai san sunan mai shi ba. In ka baro tsohuwar kasuwa ka miƙe gabas, kafin ka kai masallacin unguwa za ka gan shi a hannun dama, ya ɗara maƙwabtansa tsawo, zankwayensa a miƙe kamar kunnen zomo. Alhaji ya gina shi zamanin gyaɗa, lokacin da manyan motocin kamiyo ke kwana a layi suna jiran lodi. Daga Damagaram ya ɗauko magini, ya ajiye shi rani guda yana ci yana sha, shi kuwa ya zuba wa fuskar ginin zayyana tun daga dakali har sama. Ga dagi bisa ƙofa, ga takubba biyu, ga sikelin awon gyaɗa, ga wani keke can a kusurwa wanda ƙafarsa ta gaba ta fi ta baya girma. Muna yara muka tambayi Alhaji dalili, ya ce maginin bai taɓa hawa keke ba, daga nesa ya hango shi.

Matar Alhaji, Gumsu, gwaggona ce, yayar babana. 'Ya'yanta maza biyu, Maina babba da Mas'udu ƙarami, taubasaina ne ke nan. Ni da Maina sa'o'i ne, tare aka yi mana kaciya, kuma tun daga ranar ba mu daina zagin juna ba.

Gidan babba ne, ya taso daga wannan titi har ya dangana da kwarin da ke baya inda ake zubar da shara, amma ƙofarsa ɗaya tak. Amarya ta nan take shiga, gawa ta nan take fita. Buhun hatsi, ragon suna, mai tallan nono, surukin da ya zo biko yana sunkuyar da kai, kowa sai ya ratsa zaure ya gai da wanda ke zaune a ciki. Alhaji ya zauna a kan buzunsa har ya rasu, Maina ya hau buzun. Ba a raba gado ba, don ba wanda ya nema.

Ban da wannan buzu Maina ba shi da komai a duniya. Tela ne, amma ido ya fara cin amanarsa, keken ɗinkin yana nan a zaure an rufe shi da tsohon zane. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Mallawa. Abin da ya rage masa shi ne a wuce ta gabansa a ce, “Yaya, na fita,” a dawo a ce, “Yaya, na dawo.” Wani zai ga wannan ba abin a zo a gani ba ne. Wanda ya ga haka bai tsufa ba tukuna.

Kowace shekara in bazara ta kama, kafin hadarin farko, gida duka ke fitowa yaɓe. Mata su jiƙa makuba a manyan tukwane, samari su tattake ƙasa da ƙafa, Maina a kan tsani yana bin zayyanar da yatsa don kar ta cike. Gwaggo kuwa a shimfiɗa mata tabarma daga cikin zaure, ba ta taɓa komai, bakinta kaɗai ke aiki.

“Ku gyara mini ƙofar nan da kyau,” haka take cewa duk shekara. “Ta nan aka shigo da ni ina kuka, ta nan za ku fitar da ni ku kuna kuka.”

“Gwaggo, ni ba zan yi kuka ba,” in ji ni. “Tuwon sadaka zan ci in ƙara.”

“Kai dama, Ɗantsoho, ubanka ma haka yake.”

Rigima ta fara ne da mota. Mas'udu yana fataucin wake da riɗi zuwa Maigatari, Allah ya buɗa masa, ya sayi mota mai buɗaɗɗen baya. Ƙofar zaure kuwa ko babur sai an karkata kansa yake shiga, ga shi an goce ƙofar ciki daga ta waje don kar na titi ya hango tsakar gida. Wata safiya ina zaune a dakali, Mas'udu ya fito ya durƙusa rabi, irin durƙuson mai kuɗi.

“Yaya, motar nan ba za ta ci gaba da kwana a waje ba. Jiya an cire mata madubi.”

“Kai ta tasha, akwai mai gadi.”

“Ina da gidan ubana in kai mota tasha?”

“Ubanka da raƙuma ya fara fatauci. Ka taɓa ganin raƙumi a tsakar gidan nan?”

Mas'udu ya haɗiye wannan, ya faɗi abin da ya kawo shi. A rushe zaure, a sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, a yi butik, shaguna biyu dama da hagu, da bulo da sima, wato siminti. Ɗaya Maina ya riƙe ya zuba kekensa, ɗaya a ba da haya.

“Ƙasa ce fa, Yaya. Ƙasa da kashin jaki. Duk shekara muna ta fama da ita kamar mai jinya.”

“Kai ma ƙasa ne,” in ji Maina. “Duk da haka Inna ba ta rushe ka ba.”

Na yi dariya, Mas'udu ya harare ni ya tashi. Amma na san maganar ba ta mutu ba. Mai kuɗi ba ya jayayya sau biyu, jira yake.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi, Hafiz, daga wata ƙungiya a Damagaram, shi da wani ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, suna yawo unguwa-unguwa da abin ɗaukar hoto. Wai furoje ne, wani shiri na ceton fuskokin tsofaffin gidaje, don siminti da kwano sun kusa cinye su. Yaro ne mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya shiga zaure, ya daɗe yana kallon rufin da baki buɗe.

“Baba, irin wannan a duk Magariya bai fi a ƙirga da yatsu ba. In kun yarda a sa shi cikin waɗanda ake karewa, ba wanda zai ƙara taɓa shi da diga, ko da ɗan gida ne. Meri za ta tsaya a kai.”

Maina ya gyara zama. “Ko da ɗan gida ne?”

“Ko da ɗan gida ne, Baba.”

Ban taɓa ganin Maina ya yi saurin yarda da baƙo irin na ranar ba. Har fura ya aika aka damo musu. Da suka fito na ja Hafiz gefe, don ni na yi yawon duniya, na san in aka ba ka rigar aro sai ka duba inda ta tsaya.

“Ɗana, wannan kariya taku, ina ta kai? Har tsakar gida?”

“A'a, Baba. Abin da ake gani daga titi, shi muke karewa. Na ciki harkar masu gida ne.”

Bai ɓoye ba, kuma na maimaita wa Maina da bakina. Ya ce in tafi can da baƙin bakina, wanda ya riƙe kan maciji ina ruwansa da wutsiya.

Ba a daɗe ba aka zo aka kafa wani allon ƙarfe shuɗi a gefen dakali da rubutun boko a jiki. Maina yakan goge shi da hannun riga kowace safiya. In Mas'udu ya zo wucewa sai ya ɗaga murya, “Ɗantsoho, ka ji an ce kashin jaki ya shiga hannun gwamnati?”

Mas'udu sai ya wuce abinsa. Bayan kaka ya je wurin Malam Bello, limamin unguwa, ya ce yana son a raba gadon ubansu. Haƙƙinsa ne, ba mai hana shi. 'Yan'uwansu mata, ɗaya a Waca ɗaya a Dungas, tuni ya daidaita da su, rabonsu ya koma hannunsa. Aka zo da igiya aka auna gida, aka fitar wa Gwaggo nata, ɗakinta ne da ke can ƙurya wajen rijiya. Sauran aka tsaga. Kashi na gaba ya ƙunshi zaure da farfajiya da turakar Alhaji. Ragowar duka baya ne, inda ɗakunan mata da rijiya da rumbuna suke, har katangar kwari, amma an yanka wa Maina zaɓi: ko ya ɗauki gaba, ko ya ɗauki daidai girmansa a cikin baya.

“Maina, kai ne babba,” in ji Malam Bello. “Zaɓi.”

Na taka masa ƙafa, na ce muna son mu yi shawara. Muka koma bayan rumbu.

“Kar ka ɗauki gaba ita kaɗai,” na ce masa. “Ka nemi a tsaga gidan a tsaye, kowa ya samu gaba ya samu baya. Ko ka ɗauki wajen rijiya. Zaure ba inda za shi, an riga an kafa masa allo.”

“In bar wa Mas'udu buzun Alhaji?”

“Ka leƙa kwarin nan kwanan nan? Ka ga turakun da aka kakkafa masu jan fenti? Gudro za a shimfiɗa ta nan, hanyar kwalta. Bayan gidanku zai koma bakin titi.”

“Sai me?”

“Sai ya fasa ƙofa.”

Maina ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci. “A ina ka taɓa ganin gidan mutunci da ƙofar baya? Ƙofar baya ta ɓarawo ce da mai neman matan mutane. Ɗan Alhaji Tanko ne fa, ko ya lalace. Gida ƙofa ɗaya gare shi, Ɗantsoho, wanda ya riƙe ta shi ya riƙe gida. Ya kwashe bayan duka, ya haɗa da sharar kwari. Shi da matansa da motarsa, gobe da safe ta gabana za su wuce.”

“Motar dai ba ta gabanka take wucewa ba.”

“Kai dai ba ka gaji arziki ba, shi ya sa ba ka san ƙofa ba. Gidanku zana ce, ta ko'ina akuya ke shiga.”

Ya koma ya ce wa Malam Bello ya ɗauki gaba. Na dubi fuskar Mas'udu. Bai yi murmushi ba, ƙasa kawai yake kallo, irin kallon wanda aka sayar wa saniya a kuɗin akuya yana tsoron kar mai ita ya farga.

Gudro ta zo kamar yadda turaku suka faɗa. Aka cike kwarin, aka kwashe shara, wurin da da ko kare ba ya tsayawa ya zama inda motocin Dungas ke sauke fasinja. Kafin kwalta ta gama bushewa Mas'udu ya fasa katangar baya, ya sa ƙofar ƙarfe kore mai ganye biyu, ya jera butik huɗu da mangaza ta ajiyar kaya. Ba wanda ya kira ta ƙofar baya, don a bakin gudro take. Duk wanda ya zo neman Mas'udu nan ake nuna masa.

Da farko mutanen gida sun ci gaba da bin zaure saboda kunya. Sannu a hankali masu kai niƙa suka ga inji ya fi kusa ta can. Yara masu zuwa karatu lakwal suka bi. Mai tallan nono ta bi masu saye. Wata ranar Juma'a matar Mas'udu ta haihu da hantsi, Maina bai ji ba sai bayan la'asar, a bakin mai shayi. Ranar ya yi rantsuwa a gabana cewa ƙafarsa ba za ta taɓa ratsa wannan ƙofar ƙarfe ba, ko da wuta ce ke cin gidan.

Gwaggo kaɗai ta riƙe zaure. Ba ta fita ko'ina, amma da yamma takan dogara sanda ta ratsa tsakar gida ta zo ta zauna daga ƙofar ciki, kusa da ɗanta.

Su kuwa baƙi suka fara zuwa. Allon nan ya kira su. 'Yan lakwal da mushensu masu koyar da su, ma'aikata daga Damagaram, wasu har daga Yamai, a tsaya gaban keken nan a yi ta hoto ana dariya. Maina yana jin daɗi, ya sa babbar riga ya ba su labarin gyaɗa. Wata rana wasu maza biyu suka shiga kallon rufi, suka zarce farfajiya, suka leƙa tsakar gida, ɗaya ya ɗaga wayar salula ya ɗauki hoton matan Mas'udu suna daka ba mayafi. Aka yi ihu, aka watse. Washegari ina zaure Mas'udu ya shigo ta ƙofar ciki, wannan karon ko durƙuson rabin bai yi ba.

“Yaya, gidanka ya zama kasuwa, kowane ƙato shiga yake. Ni ina da iyali. Zan ja katanga a kan iyakata.”

“Ka toshe ƙofar ubanka?”

“Ƙofar ubana tana nan, ai an ce ba a taɓa ta. Ban taɓa ta ba. A filina zan yi gini.”

“Inna fa? Ta ina za ta zo nan?”

“Inna ta tsufa da yawo. In kana son ganin ta, ga titi nan, ka zagayo. Ƙofata ba a kulle take ba.”

Maina ya kai ƙara wurin Malam Bello, Malam ya ce mutum da filinsa da iyalinsa, shari'a ba ta hana shi sutura ba. Ya aika wa Hafiz, Hafiz ya zo ya duba, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce abin bai shafi fuskar gida ba. Aka ja bulo da sima mai kauri, ta fi tsawon mutum. Daga ranar, in ka shiga zauren Alhaji Tanko ka ratsa farfajiya, katanga za ka tarar.

Tuwo bai yanke ba, wannan kam ba zan yi wa Mas'udu ƙarya ba. Safe da dare ana zagayo wa Maina da kwano ta lungu, ya iso da sanyi. Amma tsakaninsa da uwarsa sai murya. In ya idar da sallar la'asar ya tsaya jikin katanga ya ce, “Inna, kun yini lafiya?” In tana kusa ta amsa. In ba ta ji ba ya koma buzunsa.

Da bazara ta zo ba wanda ya jiƙa makuba. Ƙungiyar su Hafiz ta aiko da magina daga Damagaram, suka yi aikinsu tsaf, har da shuni da farar ƙasa a cikin dagin, zauren ya yi kyan da bai taɓa yi ba tun zamanin Alhaji. Ba su bar Maina ya hau tsani ba, wai kar ya faɗo. Ya zauna a dakalin maƙwabci yana kallo.

Ni ina bin ƙofar ƙarfe, don ban yi rantsuwa ba. Na shiga gai da Gwaggo na tarar ta rame, idonta ya faɗa.

“An yi yaɓen bana?” ta tambaye ni.

“An yi, Gwaggo. Ya yi kyau kamar amarya.”

“Wa ya yi?”

“Baƙi.”

Can ta ce, “Ka gaya wa yaran nan maganata tana nan. Ta inda na shigo.”

Na gaya wa Mas'udu, ya ce Allah ya ja kwananta, in lokacin ya zo a gani. Na gaya wa Maina, ya ce wannan ko ba a faɗa ba. Na ce masa to ya karya rantsuwar nan ya yi kaffara ya je ya ga uwarsa tun tana gane mutane. Ya ce ranar da ya ratsa ƙofar nan, ranar ya yarda ita ce ƙofar gidan.

Gwaggo ta rasu a bazarar da ta biyo, da hantsi, ranar da zafi ke fasa dutse. Ni na zagaya na gaya wa Maina. Ya yi salati, ya zauna, ya tashi. Ya ɗauko tsintsiya ya share ƙofar zaure da kansa, ya fito da tabarmin da aka yi zaman makokin Alhaji a kansu ya shimfiɗa a inuwa, ya jera butoci.

“Je ka ce wa Mas'udu ya turo ma'aikatan mangazarsa su cire bulo. Faɗin makara kawai.”

Na koma. Ƙofar ƙarfe ta riga ta cika. An kafa bash, rumfar tamfol, an jera kujerun roba, 'yan kasuwa abokan Mas'udu sun rufe butik sun taru, motoci na tsayawa ana saukowa. Ba wanda ya ce musu su zo nan, nan suka sani. Na samu Mas'udu a tsakar gida idonsa jajir, don shi ma uwarsa ce.

“Yayanka ya ce a buɗe katanga. Ka san abin da ta ce.”

“Na sani, Ɗantsoho.” Ya share fuska da hula. “Amma dubi ranar nan. An gama wanka, ana ɗinka likkafani, kabari ya kusa. Katangar nan da ƙarfe a cikinta, ba aikin yanzu-yanzu ba ne. In ajiye Inna a cikin wannan zafi ina fasa gini a kanta, mata na zaune? Maƙabarta kuma ta wannan gefen take. Gawa ba ta jira. Ka ce ya zo ya tsaya a gaba, shi ne babba.”

Abin haushin, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa.

Kafin in kai zaure na fara jin ƙarar. Maina ya aro diga a maƙwabta, ya tuɓe riga, yana dukan katanga daga nasa gefen. Tsoho mai ƙashin haƙarƙari a waje, kowane bugu sai digar ta yi tsalle ta dawo masa. Da ginin ƙasa ne irin na Alhaji da tuni ya ratsa.

“Maina, bar bangon nan. Liman ya iso.”

“Su jira.”

“Ba za su jira ba. Zo ka sallaci uwarka.”

“Ta nan ta ce. Kai ma ka ji. Duk shekara kana ji kana dariya.”

“Na ji. Ajiye digar.”

“Kama mini, ɗan banza, ko ka ba ni wuri!”

Na karɓa na buga iyakar ƙarfina, ni ma ba yaro ba ne. Muna karɓa-karɓa har bulo ɗaya ya farfashe, ya bar rami kamar bakin ƙwarya, ga sandar ƙarfe a gicciye a tsakiyarsa. Maina ya durƙusa ya sa ido. Ni ma na leƙa ta kansa. Tsakar gidan da muka yi wasa a ciki tana nan, ga rijiya, ga jiƙaƙƙiyar ƙasa a ƙofar ɗakin Gwaggo. Can gaba maza sun ɗaga makara a kafaɗa, sun ba mu baya, an buɗe ƙofar ƙarfe ganye biyu, hasken titi ya cika ta. Suka fita da ita ba tare da ko an karkata makarar ba.

Maina ya miƙe. Ya ɗauki rigarsa ya fita ta zaure, ya tsallake tabarmin da ba kowa a kansu, ya kama lungu da gudu, gudun tsoho, takalmi ɗaya a ƙafa. Ina bin sa. Lungun nan da tsawo, sai ka wuce gida uku kafin ka ɓulla gudro. Da muka ɓulla Malam Bello ya riga ya yi kabbara ta biyu a bakin titi. An jira shi, an aika, an ce yana fasa gini, zafi ya yi yawa, Mas'udu ya ce a yi. Maina ya samu sahun ƙarshe, tsakanin wani mai gyaran taya da wani fasinjan Dungas da ya sauko neman lada. Da aka sallame mutumin ya juyo ya ga ƙurar sima a gemunsa, ya ce, “Malam, wace ce ta rasu?”

An yi zaman makoki a ƙarƙashin bash. Maina ya zauna a kujerar roba a gefen ƙanensa, ana zuwa ana miƙa wa Mas'udu hannu, waɗanda suka san Maina su miƙa masa shi ma. Bai shiga ƙofar ba, rantsuwarsa ba ta karye ba. Ni na je na naɗe tabarmin zaure da yamma, akuya ta riga ta yi kashi a kan ɗaya.

Bayan addu'ar arba'in 'yarsa ta zo daga Mallawa ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Na zaci zai yi gardama. Ya naɗe buzun Alhaji ya sa a buhu, ya bar keken ɗinki. Muna jiran motar da za ta kai su sai ga Hafiz ya zo ta'aziyya, ya kuma duba gini kafin damina. Maina ya miƙa masa mabuɗin zaure.

“Baba, ai naku ne.”

“Riƙe. Ku kuka san amfaninsa.”

Yaron ya karɓa. Ya shiga ya zagaya, ya ga ramin da ke katanga da tarkacen bulo a ƙasa, ya fito yana sosa ƙeya.

“An yi ɓarna a ciki,” in ji Maina. “In akwai tara, ka faɗa.”

“Babu komai, Baba,” in ji Hafiz a hankali. “Ba a ganin sa daga titi.”

Mas'udu ya sa an toshe ramin a makon. Maina yana Mallawa, na je sau ɗaya na tarar da shi a ƙofar gidan surukinsa, a kan benci, buzun yana cikin buhu bai kwance ba. Na zage shi bai rama ba, ban ƙara komawa ba.

Zauren yana nan da kwaɗo a ƙofarsa. Bana ma an yi masa yaɓe, an sabunta shunin. In baƙi suka tare ni a dakalin masallaci suka ce, “Baba, gidan wa ne wannan?” sai in ce musu ba gida ba ne, su ɗauki hotonsu.